Giya mai hazo da iska: yadda cokali ɗaya ke ɓata aikin mako uku

Kofi biyu na jera a kan tebur ran nan, dukansu daga dahuwa ɗaya suka fito. Tsiro ɗaya, yisti ɗaya, furen hof ɗaya (furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi), tukunya ɗaya. Na dama daga keg na tsiyayo shi, wato tulun ƙarfen nan mai rufaffen baki. Launinsa rawaya ne mai haske kamar ruwan abarba, kuma tun kafin hanci ya isa bakin kofin, ƙamshin mangwaro da ɓawon lemo ya riga ya taryi mutum. Na hagu kuwa daga kwalba ya fito, wadda na cika da hannuna kwana 16 kafin nan. Ya yi duhu, ya koma ruwan ƙasa mai ratsin toka, ƙamshin ya gudu, abin da ya rage sai wani zaƙi mai nauyi irin na alewar da ta daɗe a ajiye. Ruwa ba ya tsami banza. Na bi diddigi, babu ƙwayar cutar da ta shiga, babu tsami, babu wari. Iska ce kawai ta taɓa ɗaya ta bar ɗaya.

Duk wanda ya taɓa dafa irin wannan giyar mai hazo a gida ya san wannan ɓacin ran, domin ita ce ta fi kowace cin kuɗin hof, kuma ita ce ta fi kowace saurin lalacewa.

Asalinta daga arewa maso gabashin Amurka yake, yankin da ake kira New England. A 2003 John Kimmich da matarsa Jen suka buɗe wani ɗan gidan dafa giya mai suna The Alchemist a garin Waterbury na jihar Vermont. Kimmich ya koyi aikin ne a hannun Greg Noonan a Burlington, kuma daga can ya samo irin yistin da ake kira Conan. Giyarsa mai suna Heady Topper ba a tace ta, ba a dafa ta bayan ta nuna don kashe yisti, tana fitowa da hazonta. A lokacin, giya garau wadda ake hango yatsa ta cikinta ita ce alamar gwaninta, mai hazo kuwa ana mata kallon aikin ɗan koyo. A 2011 suka fara zuba ta a gwangwani, shekarar da ambaliyar guguwar Irene ta cinye musu gidan farko. Gidajen dafa giya na Hill Farmstead a Vermont, da Tree House da Trillium a jihar Masacuset, suka ɗauki salon suka ƙara masa hazo da taushi. Zuwa 2018 ƙungiyar masu dafa giya ta Brewers Association ta ware masa rukuni na kansa a jadawalinta, kuma a babbar gasar wannan shekarar ya fi kowane rukuni yawan masu shiga. Daga nan ya bazu duniya, ya shiga ɗakunan girkin masu yi a gida, ko dai mai ƙarfi da ake kira IPA, ko ƙanwarta mai sauƙin barasa, wajen kashi 5 cikin 100.

Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne lokacin da ake zuba hof. A cikin furen akwai wani gari rawaya mai danƙo da ake kira lufulin, shi ke ɗauke da abu biyu: sinadarin ɗaci da man ƙamshi. Sinadarin ɗacin ba ya sakin ɗacinsa sosai sai an tafasa shi, man ƙamshin kuwa tafasa ke korar sa, ya bi tururi ya tafi. Tsohon salo shi ne a zuba hof da yawa tun farkon tafasa, a samu ɗaci mai kaifi. Masu hazo suka juya lissafin. Kaɗan suke zubawa a tafasa, wasu ma ba sa zubawa sam. Sai an kashe wuta, ruwan tsiron ya sauka zuwa wajen digiri 80 na ma'aunin Salsiyos ko ƙasa da haka, sannan a zuba kaso mai yawa a bar shi ya jiƙa minti 20 zuwa 30. Kaso mafi yawa kuma ana ajiye shi sai giyar tana tsimuwa ko ta gama, a zuba shi ɗanye cikin sanyi. Ire-iren hof ɗin da aka fi so su ne masu ƙamshin 'ya'yan itace, irin su Citra da Mosaic na Amurka, Galaxy na Ostireliya, da Nelson Sauvin na Niyu Zilan.

Hazon kansa mutane da yawa suna ɗauka yisti ne ke yawo a ciki. Akwai ɗan yisti, amma hazon da ke zama na tsawon makonni daga wani ƙulli yake zuwa. Ana haɗa tsiron sha'ir da alkama da hatsin ot, sau da yawa kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na dukan hatsin, su kuma suna da furotin mai yawa. Hof yana kawo sinadaran folifenol, dangin abin nan da ke sa shayi mai ƙarfi ya yi bauri a harshe. Idan furotin da folifenol suka haɗu sai su manne, su zama 'yan ƙananan ƙwayoyi da ba su da nauyin da za su kwanta a ƙasa, suna watsa haske. Irin yistin ma yana da hannu, shi ya sa ake yawan amfani da Conan ko London Ale III. Sai ruwa, wanda ake ƙara masa gishirin kulorayid ya rinjayi salfet, kamar biyu bisa ɗaya, don giyar ta yi taushi a baki. A nawa ganin, hazo ya kamata ya zo da kansa a matsayin shaidar yawan hof. Masu zuba garin alkama ɗanye don kawai ido ya ga hazo, ado suke yi wa abin da babu komai a cikinsa.

To, a nan gizo ke saƙa. Duk abin da ya sa wannan giyar ta yi daɗi, shi ne kuma ya sa ta zama mai rauni a gaban oksijin.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne, a ranar farko umartar sa ake yi ya sa iska. Bayan an huce ruwan tsiro, kafin a zuba yisti ko daidai lokacin, ana girgiza mazubin ko a hura masa iska, domin yisti yana bukatar oksijin ya gina fatar ƙwayoyinsa kafin ya hayayyafa. Abin da ake nema wajen kashi 8 zuwa 10 cikin miliyan ne, abin da masu sana'ar ke taƙaitawa da ppm. Cikin 'yan sa'o'i yistin ya lashe ta ƙaf. Daga wannan lokacin ƙofa ta rufu. Bayan tsimuwa ta ƙare, manyan masana'antu da kashi cikin biliyan suke auna oksijin, wato ppb, kuma da yawansu suna ƙoƙarin kada abin da ke cikin gwangwani ya haura 50. Tsakanin 8 ppm na ranar farko da 50 ppb na ranar ƙarshe akwai ninki 160.

Lamba irin wannan ba ta zama a kai sai an mayar da ita abin da hannu ke riƙewa. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ce. Ɗauki ƙaramin cokalin shayi, mai cin mililita 5. Idan cike yake da iska, akwai oksijin kusan mililita ɗaya a ciki, nauyinta wajen miligiram 1.4. Narkar da wannan a cikin lita 20 na giya, ka samu 70 ppb. Cokali ɗaya na iska ya riga ya tsallake iyakar masana'anta. Yanzu dubi kwalba mai cin mililita 330, wadda aka bar mata sararin wuya na mililita 15 kamar yadda aka saba. Oksijin ɗin da ke wannan wuyan ya kai miligiram 4, kuma giyar da za ta shanye shi sulusin lita ce kacal. Lissafin ya haura 12,000 ppb. Ranar da na zauna na yi wannan lissafin da biro, na daina mamakin kofin hagu.

Me oksijin ke yi a ciki? Ita kaɗai ba mai saurin faɗa ba ce, sai ta samu 'yan zuga. 'Yan zugar su ne ɓurɓushin ƙarafa da ke narke a cikin giyar: baƙin ƙarfe, jan ƙarfe da manganis. Su ke miƙa mata abin da ke mayar da ita wasu sinadarai masu zafin kai, waɗanda ke kai wa duk abin da suka taras hari. Wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Henry Fenton, ya bayyana tushen wannan haɗuwar ta ƙarfe tun 1894, har yau da sunansa ake kiran ta. Hof yana ɗauke da manganis, hatsin ot ma haka, ga shi kuwa wannan giyar an cika ta da su biyun. Folifenol ɗin da ya ba ta hazo, idan oksijin ta taɓa shi sai ya yi duhu, kamar yadda tuffa ke yin ja-ja bayan an yanka ta an bar ta a faranti. Hazon kuma yana ƙara tona asirin, domin haske yana bugun ƙwayoyin ya dawo, ɗan canjin launi sai ya fito fili. A ɓangaren ƙamshi, akwai wasu sinadarai da ake kira tayol, waɗanda ke ba da ƙamshin gwaiba da 'ya'yan itacen wurare masu zafi. Hanci yana jin su ko da ɗigo ne a cikin tafki, amma saboda ƙarancinsu, oksijin kaɗan ta ishe ta share su. Baƙar giya mai gasasshen tsiro tana iya ɓoye tsufanta a bayan ɗanɗanon gashi. Wannan ba ta da wurin ɓuya, duk dukiyarta ƙamshi ce.

Kuma ɓarnar ba ta komawa baya. Idan oksijin ta shiga ta gama aikinta, ko ka hura iskar kabon ta kwana ta wuni, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tsakanin masu yi a gida, kuma ta jawo asara mai yawa. Cewa ake yi iskar kabon da tsimuwa ke fitarwa ta fi iskar gari nauyi, don haka tana kwanciya a saman giyar kamar bargo, tana kare ta ko an buɗe murfi. Gaskiya ne ta fi nauyi, kusan sau ɗaya da rabi. Amma iska da iska ba sa rabuwa kamar ruwa da mai, cakuɗuwa suke yi. Da maganar bargon gaskiya ce, da duk kabon ɗin duniya ya taru a ƙasa ya shaƙe mu. Ɗaga murfi kaɗai yana motsa iskar da ke ciki, hannun da ya shiga ya ƙara dama ta. Abin da ke ba da kariya shi ne kabon da ke kan fitowa, yana tura iskar waje baya. Da zarar tsimuwa ta tsaya, wannan turin ya tsaya.

Wannan ne ya sa zuba ɗanyen hof ya zama wurin da aka fi muhawara. Dole a buɗe mazubi, kuma su kansu dunƙulallun ƙwayoyin hof suna ɗauke da iska a cikin ramukansu. Wasu suna zubawa a rana ta biyu ko ta uku, lokacin da kumfa ke tashi sosai. Hujjarsu mai ƙarfi ce: yisti yana raye yana aiki, zai lashe oksijin ɗin da ta shiga, kuma yana sarrafa wasu man hof ɗin, misali ya mayar da jeraniyol mai ƙamshin fure zuwa wani mai ƙamshin lemon tsami. Illar ita ce kabon da ke fita da ƙarfi yana kwashe wani ɓangare na ƙamshin. Idan ka shiga ɗakin ka ji ya gauraye da ƙamshin mangwaro, to ƙamshin da ya kamata ya zauna a kofi ne ke yawo a iska. Wasu kuma suna jira sai tsimuwa ta ƙare, su sauke zafin zuwa wajen digiri 14, su zuba hof na kwana ɗaya ko biyu. Ƙamshin ya fi fitowa tas, amma babu yisti mai kuzarin da zai share kuskure.

Ga wanda bai da kayan aiki masu riƙe matsi, ni ina ganin ya zuba saura kaɗan tsimuwa ta ƙare, lokacin da kumfar makullin iska (ɗan bututun nan mai ruwa a kan murfi, da ke barin kabon ya fita) ta ragu amma ba ta tsaya ba. Ya buɗe sau ɗaya, ya zuba cikin daƙiƙa kaɗan, ya rufe. Akwai kuma wata dabara da nake so ƙwarai saboda sauƙinta. Tun ranar farko a ɗaure hof a cikin jakar raga mai tsabta tare da mayen ƙarfe da aka rufe da roba mai aminci ga abinci, a manna ta a ƙarƙashin murfi, a riƙe ta da wani mayen ƙarfen daga waje. Jakar tana rataye a sama, kabon na wanke ta kwana da kwanaki. Ranar da lokaci ya yi, sai a janye na wajen kawai. Za ka ji ƙarar faɗuwarta cikin giyar, murfi kuwa ko taɓa shi ba a yi ba. Sai dai a lura kada kumfar tsimuwa ta kai gare ta tun kafin lokaci.

Game da yawan hof, ƙari ba kullum yake zama ƙari ba. Binciken da aka yi a Jami'ar Jihar Oregon da hof ɗin Cascade ya nuna cewa bayan wajen giram 8 a kowace lita, ƙamshin lemo ba ya ƙaruwa yadda ake zato, sai ɗanɗanon ganye da shayi ya fara rinjaye. Yawansa kuma yana kawo wani raɗaɗi a maƙogwaro, wanda yakan lafa bayan 'yan kwanaki a sanyi. Sannan ɗanyen hof yana da inzayim da ke farfasa ragowar sitacin da yisti ya kasa ci, ya mayar da shi sukari, tsimuwa ta sake tashi a ɓoye. Idan hakan ta faru a cikin kwalba, matsi yana iya yin yawa har ta fashe, kuma giyar takan ɗauki warin man shanu. Shi ya sa auna nauyin giyar, wato yawan sukarin da ya rage a cikinta, kwana biyu ko uku a jere bayan zuba hof wajibi ne kafin a rufe ta a ko'ina.

Ƙofa ta biyu da iska ke shiga ita ce wadda ta fi yaudara, domin babu wanda ya buɗe komai. Bayan hof ya gama jiƙa, ana sa mazubin a firji a sauke shi zuwa kusan digiri 2 don ganye da yisti su kwanta. Iska idan ta yi sanyi tsukewa take yi. A ce sararin da ke saman giyar lita 10 ne, aka sauke shi daga digiri 20 zuwa 2. Zai tsuke da kusan kashi 6 cikin 100, wato mililita 600. Wannan gurbin dole wani abu ya cike shi, kuma abin da ke kusa shi ne iskar firji, ta hanyar makullin iska. Cokali 120 ke nan, bayan mun ga abin da ɗaya ke yi. Ba a nan ta tsaya ba, domin giya mai sanyi tana ƙara shanye kabon ɗin da ke samanta, gurbin ya ƙara faɗi. Na taɓa buɗe firji da safe na tarar ruwan makullin ya ƙafe ƙaf, an zuƙe shi ciki tare da iskar da ta biyo bayansa. Maganin kuwa ba shi da wuya. A ɗaura balan-balan mai fatar ƙarfe a bakin tiyon da kabon ke fita ta cikinsa lokacin da tsimuwa ke kan ganiyarta, ta cika da kabon, idan sanyi ya zo mazubin ya zuƙi abinsa. Mai mazubi mai riƙe matsi kuwa sai ya ba shi ɗan matsi kafin ya kunna sanyi. Wanda bai da ko ɗaya, gara ya haƙura da sanyayawar gaba ɗaya. Ɗan ganye a ƙasan kofi ya fi giya mai launin ƙasa. Kuma kada a toshe bakin tulun gilashi ƙam, ko a ba shi matsi, domin gilashin ba don haka aka yi shi ba.

Sai juyewa. Tsohuwar koyarwa tana cewa a kwashe giya daga mazubin farko zuwa na biyu don ta ƙara tacewa. Ga wannan salon, wannan tufka da warwara ce. Mazubi ɗaya ya isa, daga shi sai keg.

Keg ɗin da aka fi amfani da shi mai cin lita 19 ne, wanda asali don lemon kwalba aka ƙera shi. Idan babu komai a cikinsa, cike yake da iska, kuma fitar da ita ya fi yadda ake zato wuya. Abin da aka saba shi ne a cika shi da kabon daga silinda, a ja bawul a saki, a maimaita sau uku ko huɗu. Mu yi lissafi. Idan matsin ya kai 2 a geji, a ma'aunin matsi da ake kira "bar", kowane zagaye yana raba oksijin gida uku ya bar ɗaya. An fara da kashi 210,000 cikin miliyan. Bayan zagaye biyar, saura sama da 800. Sai an kai zagaye goma sannan a sauko ƙasa da 4, kuma kafin nan an ƙona gas mai yawa. Hanyar da ta fi ita ce a cika keg ɗin da ruwan kashe ƙwayoyin cuta har ya tumbatsa, a rufe, sannan a tura ruwan waje da kabon. Inda ruwa ya cika, iska ba ta da mazauni, kuma abin da ya maye gurbin ruwan kabon ne zalla. Wadda na fi ƙauna kuma ita ce ta kyauta. Tsimuwar lita 20 na giya mai matsakaicin ƙarfi tana fitar da kabon fiye da lita 400. Maimakon a bar shi ya tafi a banza, sai a haɗa tiyo daga mazubin zuwa keg, ya shiga ta bututun ƙasa ya fita ta sama. Mako guda yisti yana wanke maka tulun, ninki ashirin na girmansa. A tabbatar dai ɗakin yana samun iska, domin kabon mai yawa a rufaffen wuri haɗari ne.

Ranar juyewa, tiyo ɗaya yana ɗaukar giya daga mazubin zuwa ƙasan keg, wani yana mayar da kabon ɗin keg zuwa saman mazubin, ko kuma a tura da ɗan matsi daga silinda. Giyar ba ta ga hasken rana ba balle iska. Wurin da aka fi mantawa shi ne cikin tiyon kansa. Tiyo mai tsawon mita ɗaya da faɗin rami milimita 6 yana ɗauke da iska kusan mililita 28, fiye da cokali biyar. A hura masa kabon, ko a bar giyar farko ta zuba a kofi kafin a maƙala shi. Kuma tiyon silikon, duk da kyansa a wurin zafi, oksijin tana ratsa jikinsa cikin sauƙi, don haka bai dace da giyar da za ta zauna a ciki ba.

To wanda bai da keg fa? Ba zan ce masa ya haƙura ba, amma ba zan ɓoye masa cewa yana hawan tudu ba ne. Ana yawan cewa yistin da ke cin sukarin da aka ƙara a kwalba zai cinye iskar wuya. Yana cin wani ɓangare, amma tsere ake yi tsakaninsa da ƙarafan nan, ga kuma kwalbar tana zaune a ɗumi mako biyu don ta yi gas, ɗumi kuwa shi ne abin da ɓarnar ke so. Abin da ke taimakawa shi ne a cika kai tsaye daga famfon mazubin da sandar cikawa mai kaiwa ƙasan kwalba, a sa sukarin a kowace kwalba maimakon a juye giyar a wani bokiti a dama. A rage sararin wuya ya zama kaɗan, amma kada a cika ƙam, domin ruwa yana buɗewa idan ya ji zafi. Idan kumfa ta taso har baki, a rufe a kanta, domin cikin kumfar kabon ne. Kwalbar roba mai jure matsi tana da wata fa'ida: a matsa ta a hankali har giyar ta hau baki, a murɗa murfin a haka. Za ta zauna a lotse kwana biyu, sannan gas ya buɗe ta ta yi tauri, kuma taurin ne zai gaya maka ta nuna. Robar tana barin oksijin ta ratsa a hankali, amma wannan giyar dama ba ta ajiya ba ce. Da zarar ta yi gas, sai firji.

Sanyi shi ne abokin da ba ya neman komai. Ƙa'idar da masu sana'ar ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin tsufan giya sau biyu zuwa uku. Giyar da ke digiri 4 da wadda ke digiri 24, tazarar tsufansu tana iya kai ninki huɗu zuwa tara. Sanyi ba ya cire oksijin, jinkirta ta kawai yake yi, amma ga abin da za a sha cikin wata guda, jinkirin ya wadatar.

Akwai masu ƙara sinadaran kariya, wato bitamin C da metabaisalfait, 'yan ɗigo lokacin zuba hof ko lokacin juyewa. Suna aiki, ba na musu. Amma bitamin C shi kaɗai, idan oksijin ta yi yawa kuma ga ƙarafa, yana iya juyewa ya taya ɓarnar, shi ya sa ake haɗa shi da salfait, wato metabaisalfait ɗin. Salfait kuma idan ya yi yawa yana kawo warin ƙibiritu, sannan wasu mutane, musamman masu ciwon asma, jikinsu ba ya karɓar sa, don haka duk wanda za a miƙa wa kofi ya cancanci a gaya masa. Ni ina kallon su a matsayin mai share 'yar ƙurar da ta rage bayan an rufe tagogi. Wanda ya bar mazubinsa ya zuƙi cokali 120 ba zai gyara da ɗan gari a bakin wuƙa ba.

Muhawarar iska a ɓangaren zafi, wato lokacin jiƙa tsiro da tafasa, tana nan ana yi, kuma masu yin farar giya irin ta Jamus sun fi damuwa da ita. Ga mai hazo, kada dai a riƙa watsal da ruwan zafi ba dalili, sauran ƙarfin a ajiye shi don bayan tsimuwa.

Dahuwar da ta biyo bayan kofi biyun nan, hof ɗin da na saya bai kai na baya yawa ba, na rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Jakar raga ta rataya a ƙarƙashin murfi tun ranar farko, tiyo ya bi ta cikin keg har tsimuwa ta ƙare, kuma tun daga lokacin da yisti ya shiga ban sake ganin fuskar giyar ba sai a kofi. Na ware kwalba ɗaya tak, na cika ta yadda na saba a da, na rubuta kwanan wata a murfinta, na ajiye ta a gefe don gwaji. A mako na biyar na jera su. Ta kwalbar ta yi duhun nan da na sani. Ta keg ɗin tana nan rawaya, ƙamshin ya ɗan sauka daga yadda yake a makon farko, amma mangwaron yana nan, kuma kumfar ta bar zobe a jikin kofin har ƙasa.